Whot, Uno, Belot ko FreeCell: wace karta ce ta dace da zamanku?

Kwali iri uku mai neman karta zai fi cin karo da su a shago: Whot, Uno, da kartar asali mai kati 52, wadda ke da sarki da sarauniya. A ido duk takarda ce mai lamba, amma zaman da kowace ke haifarwa daban ne. Akwai wasan da ke son hayaniya da mutum bakwai a kan tabarma, akwai wanda sai an cika huɗu cif yake daɗi, akwai kuma wanda aka yi shi don mutum ɗaya da barci ya ƙi zo masa. Na lura da yawan masu cewa karta ta gundure su, wasan da bai dace da zamansu ba suka ɗauka. Don haka abu uku nake dubawa: ku nawa ne, zaunannu ne ku ko ana shiga ana fita, sannan hira kuke nema ko aikin ƙwaƙwalwa.

Duk abin da zan faɗa a kan wasan da ba a sa ko sisi ba ne. Sunan karta ya ɓaci a ƙasar Hausa saboda caca, kuma ba a banza ba, an ga gidajen da ta rusa. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri ɗaya, suka ambaci gaba da ƙiyayyar da ake jefawa tsakanin mutane ta hanyarsu, da yadda suke hana ambaton Allah da salla. Ko wasan da babu kuɗi a ciki malamai sun yi saɓani a kansa: wasu sun hana, wasu sun sassauta da sharaɗin kada ya ci lokacin salla ko wani wajibi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Wannan batu na lokaci yana cikin ma'aunina, domin wasan da za a iya kifewa a tashi da zarar an kira salla ya fi mini wanda ke riƙe ƙafar mutum.

Idan kuna da yawa: Whot ko Uno

Waɗannan biyu 'yan gida ɗaya ne. Ana buɗe kati ɗaya a tsakiya, kowa ya ɗora wanda ya yi daidai da shi a lamba, ko a siffa ko launi, wanda ba shi da abin ɗorawa ya tafi kasuwa, wato ya ja daga tulin da ya rage, wanda ya riga zubar da na hannunsa shi ya ci. Whot ce babba. Wani Bature, William Storey, mutumin Southend a Ingila, ya yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga ta. A can ta yi tashe a shekarun 1950 da 1960 ta lafa, a Najeriya kuwa ta samu wurin zama, har da yawanmu muka taso muna zaton tamu ce. Uno kuwa sai a 1971 wani mai aski, Merle Robbins, ya ƙirƙiro ta a jihar Ohio ta Amurka, kuma tun 1992 tana hannun kamfanin Mattel.

Ainihin bambancinsu yana cikin ƙirgar katunan. Kwalin Whot kati 54 ne: da'ira 12, alwatika 12, gicciye 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai masu lamba 20 guda biyar, ko da yake wasu kwalayen huɗu ake samu. Babu 6, babu 9. A yadda ake buga ta a Najeriya, wanda ya ajiye 1 zai sake bugawa, 2 na gaba da shi ya ja biyu, 5 ya ja uku, 8 a tsallake shi, 14 kowa ya tafi kasuwa, 20 kuma mai ita ya kira siffar da yake so. Idan ka haɗa waɗannan, za ka samu 27. Rabin kwalin ke nan cif. Uno ta asali kati 108 ce, masu tsallakewa da juya zagaye da sa a ja kati da canza launi duka 32 ne, ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Shi ya sa Whot take da zafi. Mutum na riƙe da kati ɗaya, ya riga ya faɗi "las kad", kafin zagaye ya dawo kansa an ɗora masa biyar. Ba wanda ke da tabbas har sai an tashi, kuma yarinyar da aka koya wa yau tana iya cinye yayanta da ya shekara goma yana bugawa. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni kuwa a zaman gida shi nake so, domin wasan da gwani kaɗai ke ci ba ya daɗewa a cikin iyali, ƙanana sai su watse. Uno ta fi sanyi, hannu ya fi daɗewa, kuma tana da abu ɗaya da Whot ba ta da shi: katin da ke juya zagaye, wanda kan sa wanda kake ta ɗora wa kaya ya samu damar ramawa.

Kada a ɗauka Whot sa'a ce zalla. Tunda siffofin ba su zo daidai ba, wanda ya san ƙirgar yana da ɗan fifiko. Lamba 12 guda biyu ce kacal a kwalin, da'ira da alwatika, don haka ita ce mai wuyar fita, a rabu da ita da wuri. Lamba 4 da 8 uku-uku ne. Tauraro bakwai ne kawai, saboda haka idan wani ya rage kati ɗaya kuma kana da 20, kiran tauraro ya fi yiwuwa ya tura shi kasuwa fiye da kiran da'ira. Amma tauraron nan bai kamata ya kwana a hannunka ba, domin idan kasuwa ta ƙare aka koma ƙirga, ninki biyu ake lissafa shi: tauraro 8 ya zama 16.

Inda Whot ke ba da wahala shi ne kowace unguwa da dokarta. Ana tare 2 da wata 2 a tura wa na gaba huɗu, ko ba a tarewa? Ana tashi da 14 ko 20, ko dole katin ƙarshe ya zama na talaka? Ana zubar da lamba iri ɗaya biyu a lokaci guda? Wasu ma ba sa lissafa 5 a cikin masu hukunci. Kusan duk rigimar da na taɓa gani a kan Whot daga nan take, kuma maganinta minti ɗaya ne: a yanke waɗannan kafin a raba. Uno tana da rubutacciyar doka a cikin kwali, sai dai ita ma mutane ba sa bi. A 2019 masu Uno suka fito fili suka ce ba a tare katin ja da wani katin ja, masu wasa a duniya suka yi musu ca, kowa ya ci gaba da yadda ya saba.

To wace za a ɗauka? Daga mutum uku zuwa shida, Whot. Ta fi arha, ta fi sauƙin samu, baƙon da ya shigo ya riga ya iya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar lokaci, mai fita ya fita, mai shiga ya shiga. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: da siffa ake gane katin Whot, Uno kuwa da launi, kuma a hasken fitila mai rauni shuɗi da kore suna rikita ido. Amma idan kun kai takwas, lissafi ya juya. Mutum takwas kowa da kati biyar sun kwashe 40, an buɗe ɗaya, saura 13 a kasuwa, 14 guda ɗaya ta cinye bakwai daga ciki. A Uno kuwa ko an ba kowa bakwai, 51 ne ke saura. Taron biki ko na hutun makaranta, Uno ce. Haka nan ga yaran da ke koyon launi da ƙirga.

Idan ku huɗu ne, kuma kullum ku ne

A nan zan daɗe, domin a ganina Belot ta fi duk waɗanda na ambata daɗi, kuma 'yan'uwanmu na Nijar sun riga mu saninta. Wasan Faransa ne da ya yaɗu can wajen 1920, ya bi Faransanci ya shigo ƙasashen da Faransa ta mulka. Wanda ya taɓa zama a fadar samari a Yamai ko Damagaram, ana jiran shayi ya nuna, ya san yadda take riƙe mutane.

Da kartar asali ake yi, a cire daga 2 zuwa 6, kati 32 su rage. Mutum huɗu, biyu-biyu, abokinka yana fuskantarka. Ana ba kowa biyar, a buɗe ɗaya a tsakiya. Wanda ya ga hannunsa ya yi ƙarfi a irin wannan katin, wato alamar da ke jikinsa, sai ya ɗauka, irin ya zama atu, wato mai yanke kowane iri, sannan a cika wa kowa takwas. Daga nan zagaye takwas ne: na farko ya jefa, kowa dole ya bi irin da aka jefa, wanda ba shi da shi ya yanke da atu, sai fa idan abokinsa ne ke kan ci. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne darajar kati tana canzawa. A irin da ba atu ba, A ce babba da maki 11, sai 10 da maki 10, sarki 4, sarauniya 3, J 2, sauran ba su da komai. A cikin atu kuwa J ne sarkin fama da maki 20, sai 9 da maki 14, su biyun suna gaban A. Jimillar maki 152 ne, ana ƙara 10 ga wanda ya ci zagayen ƙarshe, ya zama 162. Ɓangaren da ya ɗauki atu dole ya samu 82 ko fiye, in ya gaza abokan hamayya su kwashe duka. Mai riƙe da sarki da sarauniyar atu yana da ƙarin 20, idan ya furta "belot" da "rebelot" lokacin da yake jefa su.

Daɗinta shi ne kati 32 abu ne da kan mutum zai iya riƙewa. Atu takwas ne kawai, kana da uku, an jefa uku, ka san biyu suna waje, tambayar ita ce a hannun wa. Kowane kati da abokinka ya jefa magana ce yake maka. Ya zubar da 10 a kan zagayen da kake ci, yana ƙara maka maki ne. Ya ƙi jefa wani iri, akwai dalili. Bayan wata biyu kuna bugawa tare za ka fara jin hannunsa ba tare da ka gani ba, kuma wannan jin daɗi babu shi a Whot ko Uno ko kaɗan. A can kowa ta kansa yake, a nan kana da wanda za ka kare.

Tsadarta kuma a fili take. Sai an yi zama da dama kafin sabo ya daina jefa 9 ɗin atu a banza. Akwai yadda ake bugawa da mutum biyu ko uku, amma armashinta a huɗu yake, mutum ɗaya ya tashi wasa ya mutu. Ana bugawa har maki 501 ko 1000, wanda kan ci sa'a guda ko fiye. Sannan tana fito da hali: mai saurin fushi zai ɗora wa abokinsa laifin kowace faɗuwa, mai son banza zai fara ƙifta ido da taɓa hanci. In a cikinku akwai mai irin wannan hali, ku zauna a kan Whot, zumunci ya fi. In kuwa ku huɗu ne masu haƙuri da juna, kuna haɗuwa kowane mako, ban san wasan da zai daɗe muku kamar wannan ba.

Ku biyu

Whot ta mutum biyu ba ta da armashi. Lamba 1 da 8 sun zama abu ɗaya, 14 ta zama "ja ɗaya" kawai, sai a yi ta jifan juna har wani ya tashi. Uno ma haka, katin juya zagaye ya koma na tsallakewa. Ga miji da mata, ko abokai biyu a ɗaki, Jin Rami ce zaɓina, wadda Elwood Baker da ɗansa suka tsara a Amurka a 1909. Kowa kati goma. Kana jan ɗaya, ko daga kasuwa ko wanda abokin wasanka ya yar, kana yar da ɗaya, burinka ka haɗa uku ko huɗu masu lamba ɗaya, ko jeri na iri ɗaya kamar 5, 6, 7. Idan katunan da ba su shiga haɗi ba jimillarsu ba ta wuce 10 ba, kana iya rufe hannu a ƙirga, bambancin ya zama makinka, har wani ya kai 100. Tunanin duk yana kan abin da kake yarwa, domin shi ne wataƙila wancan ke jira. Wasa ne mai natsuwa, ana yi ana hira, kuma ana iya kife shi a dawo a tarar da shi yadda aka bari. Danginta ne ake bugawa a Sudan da sunan Konkan, da kwali biyu da kati 14 a hannu, wanda ya fi dacewa idan an ƙaru.

Mai gaggawa kuma ya tambayi wanda ya zauna a Gana game da Spar. Kati biyar ake ba kowa, ana bin iri, babu atu, kuma zagayen ƙarshe kaɗai ke da maki, wanda ya ci shi da ƙaramin kati kamar 6 ko 7 ya fi samun lada. Hannu ɗaya ba ya wuce 'yan mintuna, amma dabararsa ta fi girmansa.

Kai kaɗai

Abin da yawancin mutane ke kira Solitaire sunansa Klondike. Kamfanin Microsoft ya sa shi a Windows a 1990, wani ɗalibi mai neman sanin aiki, Wes Cherry, ya rubuta shi, kuma cikin amfaninsa har da koya wa mutane ja da ajiyewa da linzamin kwamfuta. Ana jera kati 28 a layi bakwai, na sama kaɗai ke buɗe, 24 suna gefe, kana ɗora ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, daga babba zuwa ƙarami, har ka kwashe kowane iri daga A zuwa sarki. Yana da sauƙin koyo, yana kwantar da hankali. Matsalata da shi ita ce kati 21 a kife suke, sau da yawa zaɓinka tsinke ne a duhu. Masu lissafi da kwamfuta sun nuna cewa ko da kana ganin kowane kati, kusan rabo ɗaya cikin biyar ba ya ciwuwa ko ta yaya. Idan ka faɗi ba ka san ko kai ne ko rabon ba, don haka ba abin da ka koya.

FreeCell ta gyara wannan. Paul Alfille ya rubuta ta a kwamfuta a 1978, ta shahara da Windows 95. Duk katunan 52 a buɗe suke a layi takwas, huɗu masu bakwai, huɗu masu shida, kana da gurbi huɗu na ajiye kati ɗaya-ɗaya na ɗan lokaci. Babu ɓoyayyen abu. Daga rabo 32,000 da Microsoft ta lambata a farko, ɗaya tak ne aka tabbatar ba ya ciwuwa, mai lamba 11982. Ma'ana idan ka maƙale, kusan kullum akwai hanyar da ba ka gani ba, kana iya komawa ka nemo ta. Ga mai son ya tashi yana jin ya yi amfani da kansa, FreeCell ce. Ga wanda ya gaji, yake son hannu ya yi aiki kai ya huta, Klondike ta ishe shi. Akwai ta uku, Spider, mai kwali biyu, kati 104 da layi goma. Ta fi su tsawo da wuya, kuma jera ta da hannu aiki ne, a waya ta fi dacewa.

Game da waya, shawarata a gwada waɗannan da katin gaske. Waya tana raba sabon hannu cikin daƙiƙa, shi ya sa "bari in ƙara ɗaya" ba ta ƙarewa, ga talla a tsakani. Da katin hannu sai ka tattara, ka gauraya, ka jera, kuma a wannan ɗan tsakanin ne mutum kan duba agogo.

In kwali ɗaya za ka saya

Sayi mai 52. Whot wasa ɗaya ce, Uno ma haka, amma wannan kwalin yana ɗauke da Belot, Jin Rami, Spar, Klondike da FreeCell gaba ɗaya. Tsohon abu ne ƙwarai, daga Sin karta ta faro, ta bi ta Masar zamanin Mamluk ta shiga Turai wajen shekarun 1370, don haka an daɗe ana ƙirƙira masa wasanni. Ko Whot ɗin ma ana kwaikwayonta da shi: a mai da 8 mai kiran iri, 2 a ja biyu, J a tsallake, wanda shi ne wasan da masu Faransanci ke kira takwas ɗin Amurka. Sai dai in gidanku ana ƙyamar ganin kartar asali saboda alaƙarta da caca, ko kuma yara za ka saya wa, to Whot ta fi sauƙin shiga gida.

Katin roba ya fi na takarda tsada, amma gumi da shayi ba sa lalata shi, kuma ba ya saurin samun lanƙwasar da za a riƙa gane kati ta baya, abin da ke kashe Belot da Jin Rami. Ranar da ka saya ka ƙirga su. Whot tana jure ɓatan kati ɗaya ko biyu, FreeCell kuwa kati ɗaya ya ɓata ba za ta taɓa ciwuwa ba. Don haka kada a yar da joka biyun da ke zuwa a cikin kwalin: duk katin da ya ɓata, a rubuta lambarsa da irinsa a kan ɗaya daga cikinsu, ya maye gurbinsa.